Kalmar "mangle": ragargazawa da gugar kaya, tambayoyi da amsoshi

Ɗalibai, masu fassara da masu sana'ar wanki da guga sukan ci karo da wannan kalma ta Turanci a wuraren da ba su haɗa hanya ba: a labarin hatsarin mota, a takardar bayanin injin wanki, a rahoton likitan ƙashi, har da saitin na'urar rarraba intanet. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mece ce ma'anarta a taƙaice?

Manyan ma'anoninta biyu ne. Ta farko aikatau ce: a ragargaza abu, a murƙushe shi, a yayyaga shi har kamanninsa su ɓace. Motar da tirela ta bi ta kanta, hannun da inji ya kama, takardar da firinta ta cukuikuye, duk da wannan kalma ake bayyana halin da suka shiga. Ta biyu suna ce: inji mai rola biyu ko fiye da ake tura tufafi a tsakaninsu, ko don a matse ruwa ko don a goge su su miƙe. Daga sunan injin aka sake samun wata aikatau, wato tura kaya cikinsa.

Ana furta ta "mangul", kusan yadda ake kiran gishirin nan na ƙasar Manga, kuma ana jin harafin g. Siffar da ta fi yawa a jaridu ita ce *mangled*, abin da aka riga aka ragargaza.

Tunda injin yana iya murƙushe hannu, ashe daga nan ma'anar ɓarna ta fito?

A'a, ko da yake mutane da yawa, har da Turawan kansu, haka suke zato. Kalmomi biyu ne daban da suka zo suka yi kama a rubutu da furuci. Ta ɓarna ita ce babba a shekaru. Ta shiga Turanci wajen shekarar 1400 daga Faransancin da Normawa suka kawo Ingila, daga *mahangler*, wadda ita ma ta fito daga *mahaignier*, ma'ana nakasa mutum. Dangi ɗaya suke da *maim* da *mayhem*.

Ta injin kuwa daga harshen mutanen Holan aka aro ta, *mangel*, kuma zuwa ƙarni na 18 ta zauna daram a Turanci. In aka bi ta baya sai a isa ga Latin *manganum* da Girkanci *manganon*, sunan da ake ba na'ura mai aiki da gungume da igiya, musamman ta yaƙi mai cilla duwatsu a ganuwar gari. Saboda haka ne ƙamus na kirki yake ba su gurbi biyu, lamba ɗaya da lamba biyu. An yi ƙarnuka ana cewa an ragargaza soja a fagen fama da wannan kalma kafin injin ya iso Ingila da sunansa.

Wace irin ɓarna ce ta kai a kira ta haka? Me ya raba ta da *damage* ko *break*?

*Damage* ta ɗauki kowace irin illa, ko da ƙarzanar fenti ce. *Break* karyewa ce ko fashewa, kuma abin da ya karye gida biyu sau da yawa ana iya haɗa shi. *Crush* dannewa ce daga sama ko daga gefe biyu. Ita *mangle* tana haɗa abubuwa uku a lokaci guda: murƙushewa, murɗewa da yagewa, ta yadda mai kallo zai sha wuya kafin ya gane yadda abin yake da farko. Ba a faɗin ta ga gilashi ko tulu, domin su tarwatsewa suke yi. An fi faɗin ta ga abin da yake lanƙwasuwa kafin ya yage: ƙarfe, nama, waya, takarda.

Mai fassara kada ya riƙe kalmar Hausa ɗaya ya ce ita ce fassararta ko'ina. In mota ce, *mangled wreckage*, sai a ce motar ta yi kwatsa-kwatsa ko ta yi raga-raga. In jikin mutum ne, a ce inji ya dagargaza masa hannu, ko kura ta yi wa akuyar kaca-kaca. In keke ne ko ƙofar ƙarfe, a ce ya lauye ya murɗe. In takarda ce, ta cukuikuye ta yage. A labarin rasuwa kuma ya kamata a dubi iyalan mamaci: "gawar ta yi munanan raunuka har ba a iya gane ta" ya isar da saƙon ba tare da an ƙara musu ciwo ba.

Na ga an rubuta *he mangled my name*. Yaya ake ragargaza suna?

Aron ma'ana ne. Wanda ya furta suna ya jirkita shi, ko ya rera waƙa ya kwaɓa ta, ko ya ɗauko maganar wani ya dagula ta har ma'anar ta sauya, duk ana cewa ya yi *mangle*. Galibi ana nufin rashin iyawa ne ko sakaci, ba mugun nufi ba. Wanda ya murɗe magana da gangan, *distort* ko *twist* aka fi faɗa masa. A Hausa "ya kwaɓa sunana", "ya jagwalgwala karatun", "an dagula fassarar" sun wadatar.

Yaya injin yake, kuma waɗanne ne sassansa?

Wanda ya san injin murza taliyar Hausa ya riga ya san fasalinsa: rola biyu, mariƙin juyawa, da abin daidaita tazarar da ke tsakaninsu. Sai dai wannan ya kai tsayin ƙirjin mutum, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga shi.

Na tsaye, irin wanda ya cika gidajen Ingila daga tsakiyar ƙarni na 19, yana da firam na zubin ƙarfe da rola biyu na itace mai tauri, tsawon kowace wajen santimita 50 zuwa 60. A gefe akwai babbar taya ta ƙarfe mai mariƙi, da haƙoran giya da suke rage saurin juyi su ƙara ƙarfi, su kuma sa rololin su juya tare, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. A sama akwai sukuru mai mariƙi da yake danna sifirin, sifirin ɗin ya danna rolar sama. Wannan sifirin shi ne ke ba rola damar ɗagawa kaɗan in kaya mai kauri ya zo wucewa. A ƙasa akwai katakon da ke tare ruwa ya gangara cikin baho, a gaba da baya kuma akwai allon ajiye kaya. Ƙanana masu rolar roba ana ɗaure su ne a bakin baho ko a saman tsohon injin wanki.

Matse ruwa yake yi ko guga?

Duka biyun, kuma a nan Turancin Ingila da na Amurka suka rabu. A Ingila *mangle* ta ɗauki mai matsewa da mai gogewa. A Amurka mai matse ruwa *wringer* ne, *mangle* kuma injin guga ne mai rola da zafi. Shi ya sa karin maganarsu ma ya bambanta: Ba'amurke ya ce an sa shi cikin *wringer*, Bature ɗan Ingila ya ce an sa shi cikin *mangle*, dukansu suna nufin an gasa musu aya a hannu.

A aikace ayyuka biyu ne a lokuta biyu. Matsewa ana yin ta ne kaya na ɗigar ruwa, bayan ɗauraya. Guga kuwa sai kayan sun kusa bushewa.

Ta yaya abin da babu wuta a cikinsa zai yi guga?

Abubuwa uku ne ke miƙar da yadi: danshi, nauyi da zafi. Dutsen guga ya dogara da zafi, nauyinsa kaɗan ne. Injin rola mai sanyi kuwa ba ya amfani da zafi, nauyi yake ninkawa.

Zaren auduga da na lilin an gina su ne da dogayen silillan da suke riƙe da juna da wani ɗan rauni na haɗi wanda ruwa ke iya kwancewa. In yadi ya jiƙe, haɗin ya saki, silillan su zame. In ya bushe a yamutse, sai su sake kamawa a yamutse, shi ne abin da muke gani a kayan da aka kwaso daga igiya. In aka ɗan jiƙa yadin aka danne shi da ƙarfi ya bushe a miƙe, sai su kama a miƙe. Nauyin kuma yana baje kowane zare daga siffar mulmulalle zuwa mai faɗi, ƙananan gashin da ke saman yadin su kwanta. Fuskar da ta yi sumul tana mayar da haske ta gefe ɗaya, daga nan sheƙi yake fitowa. Lilin da damas na auduga, wato irin yadin shadda, sun fi kowane yadi amsa wannan aiki. Yadin roba irin poliyesta ba ya shan ruwa sosai, don haka nauyi kaɗai ba ya yi masa komai, sai da zafi.

To ashe irin aikin masu bugu ne?

Hikimar ɗaya ce. Mai bugu a Kano yakan ɗan yayyafa wa shadda ruwa, ya ninke ta, ya shimfiɗa a kan gungumen itace mai sumul, shi da abokin aikinsa su yi ta sauke mata manyan gudumomin itace bi da bi, suna juya ninkin har ko'ina ya samu. Danshi da nauyi ne, babu wuta. Haka 'yan Kura suke fito da ƙyallin turkuɗi da Buzaye ke naɗa rawani da shi, haka masu bugun shadda a Bamako suke yi. Bambancin kawai shi ne mai bugu yana sauke nauyin ne a wuri ɗaya sau da yawa, rola kuma tana bi da shi a layi ɗaya daga farkon yadi zuwa ƙarshe.

A masaƙu ma da jerin manyan rololi ake ba sabuwar shadda sheƙinta kafin ta fito kasuwa. A sashen rini kuma akwai injin da ake kira *padding mangle*, wanda yadi ke nutsewa cikin ruwan rini sannan rololi su matse shi daidai wa daida. In matsin gefe ɗaya ya fi na ɗayan, launin gefen zai fi haske.

Yaya ake goge zanin gado da shi, daga farko zuwa ƙarshe?

A sauke zanin daga igiya yana da ɗan sanyin danshi a hannu, amma ba ya jiƙa tafin hannu. In ya riga ya bushe ƙarau, kamar yadda yake faruwa cikin sa'a guda a lokacin hunturu, a yayyafa masa ruwa mai ɗumi da yatsu ko da kwalbar feshi, a naɗe shi tam, a sa a leda ko a rufe da tawul na sa'a biyu zuwa uku domin danshin ya ratsa ko'ina. Kada a bar shi ya wuce kwana ɗaya a yanayin zafi, fumfuna za ta kama shi.

Sai mutum biyu su kama kusurwoyi su ja, tsaye da kuma a karkace, har bakin zanin ya daidaita. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin, domin rola ba ta gyara abin da aka ba ta a karkace. A ninke shi a tsawonsa, baki ya haɗu da baki, gida biyu sannan gida huɗu, har faɗinsa ya gaza tsawon rola da kamar yatsu uku a kowane gefe. A shafe ninkin da hannu. A ɗaura sukurun sama daidai gwargwado, a miƙa bakin zanin a miƙe, ana juya taya a hankali ba tare da tsayawa ba, hannu ɗaya yana ɗan jan zanin baya don ya shiga a ɗame. Mutum na biyu ya karɓa ta baya kada ya taru a ƙasa. A maimaita sau biyu ko uku, ana ƙara matsi kaɗan kowane zagaye.

Bayan nan kayan ba su gama bushewa ba. A rataya su a ninke a inda iska ke ratsawa har danshin ya fita sarai kafin a sa a akwati. In an gama aiki a sassauta sukurun gaba ɗaya, a goge rololin, a rufe injin.

Akwai wani nau'in da aka saba da shi a ɗakunan wanki na gidajen haya a Suwidin, mai lantarki amma marar zafi. Shi ana shimfiɗa kayan ne a kan wani dogon ƙyallen lilin da ke manne da rola, ƙyallen ya naɗe su ciki, a bar rolar ta yi ta juyawa na 'yan mintoci a ƙarƙashin matsi, sannan a warware.

Me ya sa nawa ke fitowa da layin kari a inda bai kamata ba?

Rola tana tabbatar da duk abin da ta tarar. In akwai ɗan tattarewa a cikin ninki, za ta mayar da shi kari mai kaifi wanda ba ya fita sai an sake jiƙa wurin. Dalili ko dai ba a ja zanin ba, ko an tura shi a karkace, ko an bar shi ya yi sako-sako a gaban rola.

In kaya ya fito bai miƙe ba, ya bushe da yawa ne. In ya fito ya miƙe amma ya sake yamutsewa a wurin shanya, ruwan ya yi yawa. In gefe ɗaya ya fi gogewa, ko dai sifirin ya gaji ta gefe ɗaya, ko rola ta cinye a tsakiya saboda kullum nan ake tura ƙananan kaya. Maganin wannan shi ne a riƙa rarraba aiki a duk tsawon rolar. In ana jin ƙwanƙwasa a kowane juyi, kuma ana ganin layi marar sheƙi a tazara ɗaya, rola ta yi shafaffen gefe ne domin an bar ta a ɗaure kwana da kwanaki. Baƙin tabo a bakin yadi giris ne daga boris ko giya: a rage shi, ɗigo kaɗan ya isa, kuma kada ya taɓa rolar roba domin mai yana kumbura roba. Rolar itace kuma ba ta son rana da busasshiyar iska, tsagewa take yi, tsagar kuma ta riƙa cizon zare.

Wata ɓarnar ba ta nuna kanta sai bayan watanni: zani ya fara yagewa a kan layin ninki. Dannewa a wuri ɗaya kullum tana karya zaren, musamman na lilin. A riƙa sauya ninki, yau gida huɗu, wani wankin gida uku.

Waɗanne kaya ne ba a sa wa?

Injin na shimfiɗaɗɗun kaya ne: zanin gado, rigar filo, ƙyallen tebur, adiko, labule marar ƙugiya, zani da ɗankwali na auduga, yadin da ba a ɗinka ba. Maɓalli yana fashewa, zif yana lanƙwashewa, kuma dukansu suna huda yadi su yi wa rola rauni. In dole ne a matse riga mai maɓalli, a ninke su ciki su kwanta, a sassauta matsi. Babbar riga mai aiki da hula ba su da wuri a nan, domin aikin zai kwanta ya mutu, zaren siliki ya yi ƙyallin da ba nasa ba. Leshi mai duwatsu, kayan ulu, kayan saƙa masu talewa da duk abin da ke da roba a ƙugu su ma haka. Tawul ana iya matse shi, amma in aka goge shi gashinsa zai kwanta ya rage taushi.

Injin da ake gani a otal da asibiti fa?

Shi ne jikan wancan, an ƙara masa zafi. Rola ce babba da aka naɗe da abu mai taushi, tana juyawa a cikin wani kwarin ƙarfe mai sumul da ake zafafawa da tururi, gas, mai ko lantarki. Yadi na bi tsakanin rolar da ƙarfen, ya bushe ya goge a tafiya ɗaya. A manyan gidajen wanki faɗin injin yakan kai mita 3 ko fiye, don zanin gado ya shiga ba ninki, tururi mai matsi 10 zuwa 12 a ma'aunin *bar* kuma yana kai ƙarfen digiri 180 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyas. Ana ba shi kaya kai tsaye daga injin matsewa da danshin kusan kashi 50 cikin 100, wato zanin da nauyinsa kilo 1 ne a bushe yana ɗauke da kamar rabin lita na ruwa. Na gida ko na ƙaramin shago faɗin rolarsa santimita 80 zuwa 85 ne, yana son kaya masu ɗan danshi kawai, kuma yana jan wuta wajen kilowat 3. Mai shirin saye ya fara duba ƙarfin janaretansa da kaurin wayar shagonsa.

Ɗigon da ke cikin hoton dutsen guga a takardar wuyan riga shi ne jagora: ɗigo ɗaya kusan digiri 110, biyu 150, uku 200. A fara da kayan da ke son ƙaramin zafi, a hau sama, domin ƙarfen yana saurin zafi amma yana jinkirin hucewa.

Matsalolinsa sanannu ne. Kaya na fitowa da danshi: gudun rola ya yi yawa ko matsewar farko ba ta isa ba. Farin zani na komawa ruwan ɗorawa: ba a ɗauraye sabulu ya fita ba, ragowarsa ce zafi ya ƙona, shi ya sa manyan gidajen wanki ke zuba ɗan sinadari mai tsami a ɗaurayar ƙarshe. Yadi na tirjewa yana tattarewa a bakin shiga: sitaci ya taru a jikin ƙarfen, sai a bi da ƙyallen da aka shafa wa kaki (*wax*) da aka tanada don haka. Rigar rolar ta ƙone ta gefe ɗaya: ana tura ƙananan kaya ta wuri ɗaya, gefen da babu kaya ya tara zafi. In wuta ta ɗauke da kaya a ciki, a janye ƙarfen daga rola nan take da abin saki na hannu. A koya wa kowane ma'aikaci inda yake tun ranar farko.

In inji ya kama hannun mutum, me za a yi?

Wannan ya shafi duk injin da ke da rola biyu masu juyawa ciki, har da na matse rake da na murza fulawa a gidan burodi. Rola ba ta sakin abin da ta kama, ja take yi, kuma in ta iso gwiwar hannu ta kasa wucewa sai ta tsaya tana gurzar wuri ɗaya.

A kashe injin daga tushen wuta. A buga sandar saki in akwai, ko a kwance sukurun matsi, ko a kwance rolar da sifana. Kada a fizgi hannun, kada kuma a kunna injin da baya, domin hakan ne ke saɓule fata daga nama. A cire zobe da agogo kafin kumburi. A danne inda ke zubar jini da ƙyalle mai tsabta. In akwai ƙuna, a zuba ruwa mai tsabta na minti 20, ban da man goge baki, manja ko ƙwai. In yatsa ya cire, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar.

Sai asibiti, ko da fatar ba ta nuna komai ba. Wannan muna nanata shi domin nan ake asarar hannu. Naman ciki da aka murƙushe yana kumbura cikin sa'o'i, ya toshe hanyar jini. Ciwon da ya fi ƙarfin raunin da ake gani, tsananin zafi in an miƙar da yatsu, dindiris ko taurin dantse alamu ne na gaggawa. Ɗaure irin wannan hannu tam da karan ɗori yana ƙara toshe jinin. Rigakafi kuwa: a naɗe hannun riga, a soke mayafi ko hijabi kada ya yi lilo, a hana yara zuwa kusa, kada a cire shingen kare yatsu don a ƙara sauri.

Likita ya rubuta *mangled extremity*. Me yake nufi?

Hannu ko ƙafar da rauni ya haɗa sassa da dama a lokaci guda: ƙashi, nama da fata, jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Tambayar da ke gaban likita ita ce a ceto gaɓar ko a yanke. A 1990 likita Johansen da abokan aikinsa a Amurka suka fito da ma'aunin da ake kira MESS, mai duba abu huɗu: ƙarfin abin da ya yi raunin, yadda jini ya yanke wa gaɓar, faɗuwar awon jinin majinyaci, da shekarunsa. Makin yankewar jini ana ninka shi in an wuce sa'a 6. A bincikensu maki 7 zuwa sama ya nuna yanke gaɓa. Likitocin yau ba sa yanke hukunci da makin kaɗai, amma batun sa'a 6 ya isa ya nuna wa dangi abin da jinkiri ke jawowa.

Tun yaushe ake amfani da irin wannan inji?

Kafin inji akwai allo da muciya. A ƙasashen Norwe, Denmak, Holan da arewacin Jamus ana naɗe yadi mai danshi a jikin mulmulallen itace, a ɗora wani dogon allo mai mariƙi a kai, a yi ta turawa gaba da baya a kan tebur. An samu irin wannan allo kusa da Bergen mai ɗauke da shekarar 1444. Samari kan sassaƙa shi da ado, mariƙin da siffar doki, su kai wa budurwa a matsayin kyautar neman aure. A ƙarni na 17 aka samu na akwati: katon akwatin katako cike da duwatsu da ake turawa a kan rololin da aka naɗe da kaya. Na tsaye mai zubin ƙarfe ya yaɗu a ƙarni na 19, garin Keighley a Yorkshire ya yi suna wajen ƙera shi, kuma matan da mazansu suka rasu da dama sun ci abinci da shi, suna goge kayan maƙwabta a biya su. Injin wanki mai juya kaya da gudu ya matse ruwa shi ya kore shi daga gidaje bayan shekarun 1950.

Na ga kalmar a saitin MikroTik da kuma darasin Python. Ɓarna ake nufi?

Daga ma'anar jirkitawa aka aro, amma jirkitawa ce ta ganganci mai amfani. A Linux, *mangle* ɗaya ne daga teburan iptables, manhajar da ke tace saƙonnin intanet, inda ake sauya wasu bayanan kan ƙunshin saƙo, kamar TTL, wato adadin zangon da aka yarje wa saƙo ya bi, ko a yi masa alama. A MikroTik, wato na'urar rarraba intanet, yana ƙarƙashin IP, Firewall. Da shi ake yi wa haɗi ko ƙunshi alama don a raba gudun intanet ko a tura wasu masu amfani ta wani layin. Alamar a cikin na'urar kawai take aiki, ba ta bin saƙon waje, kuma jerin dokokin yana da muhimmanci domin daga sama ake karanta su.

A shirye-shiryen kwamfuta kuma akwai *name mangling*. A Python, in aka sa wa suna layin ƙasa biyu a gaba cikin aji, misali `__kudi` a ajin `Asusu`, harshen zai mayar da shi `_Asusu__kudi` don kada ya yi karo da na ajin da ya gaje shi. A C++, g++, manhajar da ke fassara wa kwamfuta shirin, yana mayar da `int f(int)` zuwa `_Z1fi` domin a bambance ayyuka masu suna ɗaya. Umarnin `c++filt` yana dawo da sunan yadda mutum zai karanta.

In na tarar da ita a jimla, ta yaya zan gane wacce ake nufi?

A dubi abin da ke kusa da ita. In akwai *a* ko *the* a gabanta, ko *through the*, galibi inji ne. In *mangled* ce tana siffanta mota, gawa, ƙarfe, suna ko jimla, ɓarna ce, kuma wannan ce ta fi yawa nesa ba kusa ba a Turancin yau. Inda ake rikicewa shi ne jimla irin *she mangled the sheets*: a tsohon labari ko a gidan wanki tana nufin ta goge zannuwan gado, a bakin mai ƙorafi kuma tana nufin ta lalata su, sai an karanta jimlar gaba da ta baya. In kuma rubutun na kimiyyar tsirrai ne aka ga *Rhizophora mangle*, wannan kalmar Sifaniyanci ce, sunan itacen da ke tsirowa a bakin teku cikin ruwan gishiri, dangin waɗanda suka cika gaɓar Neja Delta.